Sunan da Aka Bari da Alli

Mahaifina ya yi shekara arba'in da ɗaya yana rubuta sunayen mutane a jikin alluna, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tsoma burushi a fenti ba sai mai aiki ya tako da ƙafarsa ya karanta. Da alli yake fara zana komai. In ya gama sai ya jingine allon a bakin shago ya aika a kira mai shi. Mai kanti ne, mai aski ne, ko shugaban makaranta, duk ɗaya ne a wurinsa: dole ka tsaya ka bi harafi harafi, sannan ka ce "haka ne." In ba ka iya karatu ba, Baba zai karanta maka da ƙarfi ya jira amsarka. Yakan ce alli bawan kowa ne, da yawu ma sai a goge shi, amma fenti in ya bushe ko alƙali bai isa ya ɗaga shi ba.

An sha yi masa tsiya a kan wannan hali. Wani mai shagon magani ya aiko direbansa har sau uku cewa a shafa fenti kawai, ya yarda. Baba ya ce direba ba shi ne mai suna ba. Allon ya yi sati biyu a jingine, har mutumin ya gaji ya zo yana kumfar baki, ya karanta, sai ga shi an tsallake harafi guda a sunan kakansa a takardar da shi kansa ya rubuto. Bai ba da haƙuri ba, amma daga ranar duk allon da zai yi nan yake kawowa.

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin tela da mai gyaran rediyo. Akwai benci guda, da gwangwanayen madara cike da burusai, da daɓen da ya sha ɗigon fenti kala-kala har ba a ganin siminti. Warin fenti kuwa a nan muka girma da shi, har a jikin kuɗin tara da yake ba mu. Unguwa duka Mai Fenti take ce masa, mu kuma 'ya'yan Mai Fenti. A ƙasan kowane allo, can kusurwar dama, yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa da ƙananan baƙaƙe. Muna yara in muna tafiya a titi gasa muke yi wa zai fara hango su.

Daga baya injinan buga rubutu suka shigo gari. Abin da Baba zai kwana uku yana yi, wani shago mai kwamfuta zai fitar da shi a kan leda kafin shayi ya huce. Aiki ya ɗauke kamar ruwan sama. Bai daina buɗe shago ba. Kullum da safe zai share daɓe, ya wanke burusan da ba abin da ya taɓa su, ya zauna a benci yana gaisawa da masu wucewa. Ni ce 'yarsa ta fari, ina koyarwa a firamare, kuma duk lokacin da na biyo ta wurin na gan shi haka sai zuciyata ta yi nauyi.

To, ni na jawo. Gara in faɗa tun yanzu, don har gobe abin yana cina. Wata rana na raba faɗa a ajina tsakanin yara biyu, da na bi diddigi sai na tarar dukansu danginmu ne, ba su ma san juna ba. Na kawo wa Baba labarin, na ce me zai hana ya zana bishiyar zuri'armu a allo, tun daga kakanni har jikoki, kowa ya san inda ya fito. Niyyata dai ya samu abin da zai sa hannu.

Ya yi dariya ya ce, "Bishiya kuma? Mu tsuntsaye ne?"

Amma washegari na same shi da sabon littafi mai bango ja, da fensir a bayan kunne.

Ya fara yadda ya dace a fara, da abin da ya sani. Ya rubuta kansa, ya rubuta mu, ya rubuta mahaifinsa wanda duk gidan suke kira Tsoho, da mahaifiyarsa wadda muke kira Kaka. Dukansu sun daɗe da rasuwa. Daga kakansa zuwa sama sai ya tarar da duhu. Ya tambayi 'yan'uwansa, kowa ya ce a je wurin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Tsoho ce, ita kaɗai ta rage a sa'o'insu. Ta haura casa'in, ido ya tafi, amma baki da ƙwaƙwalwa suna nan garau. Duk Asabar muke zuwa, ni da Baba, da lemo a leda. Tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafa, tana zubo mutane kamar jiya ta rabu da su. Da yawa ba ta sunansu take fara kawo su ba, sai ta ce "wanda rijiya ta ci," ko "Mai Kunne Ɗaya," sai Baba ya lallaba ta kafin sunan gaskiya ya fito. Wani ɗan'uwanmu ya aiko cewa kakan kakanmu babban malami ne, a tabbata an rubuta. Da muka gaya mata sai da ta yi tari don dariya. Ta ce, "Malami? Jakuna yake sayarwa, su ma rabinsu na aro ne." Ta lissafa matansa uku da 'ya'yansu goma sha ɗaya ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Ranar da muka iso kan Tsoho, Baba ya ce, "To Gwaggo, 'ya'yan yayanki fa? Na san su, amma ki faɗa da bakinki in rubuta."

Ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu. Ta ce, "Huɗu." Sannan ta ce, "Biyar. Da kai biyar."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Gwaggo, ina zaune a gabanki kike mantawa da ni? Lemon nan na wa kike sha?" Ni ma na yi dariya. Muka ce tsufa ne. A hanya har yana kwaikwayon muryarta.

Wata biyar muka yi muna wannan yawo. Muka bi gidaje, muka juya bayan tsofaffin hotuna, muka buɗe akwatunan da asu ya cinye rabin takardunsu. Baba ba ya rubuta suna da biro sai ya ji shi daga baki biyu. Da littafin ya cika, suna ɗari da arba'in da uku ne a ciki.

Sai ya sauko da allon. Tsoho kafinta ne, shi yake yi wa Baba alluna tun yana koyon aiki, kuma shi ya saya masa burushinsa na farko lokacin da kowa ke cewa fenti ba sana'a ba ce. Kafin ciwon ajalinsa ya kwantar da shi ya fere wani babban allo, ya goge shi sumul, ya ce wa Baba, "Ajiye wannan. Kullum na mutane kake yi, wata rana naka zai zo." Shekara ashirin da takwas allon yana saman rufin shago a naɗe cikin buhu. Baba ya shafe shi da kore mai duhu, ya bar shi ya bushe, sannan ya ɗauki alli. Fari na sunaye, shuɗi na layukan da suka haɗa uba da ɗa. Matan aure ya rubuta su a gefen mazajensu da ƙananan baƙaƙe.

Da ya gama sai ya aika kowane gida: sati biyu allon zai yi a shago, kowa ya zo ya karanta nasa reshen ya ce haka ne, sannan a shafa fenti. Mutane suka yi ta zuwa. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, 'yan boko da wayoyi suna ɗaukar hoto. Ana gardama a kan wa ya girmi wa, ana gyara harafi, ana tuna matattu a yi musu addu'a. Tela ya ba da aron kujerunsa. Rabon da in ga Baba yana tafiya da sauri irin haka har na manta. Makaranta tana hutu, kullum ina can ina dafa shayi a ɗan risho, ina jin kaina kamar na yi abin kirki a duniya.

A cikin masu zuwa har da Baba Babba, yayan mahaifina. Shi ne ɗan Tsoho na fari, daga matarsa ta farko da ta rasu da wuri. Tsohon akawu ne, mai fararen kaya da tabarau, mutumin da ko gaisuwa sai ya gyara maka ita. Baba yana girmama shi kamar uba. Ba ya zama a kujera in yayansa yana wurin, ba ya ɗaga murya a gabansa, kuma kowace shekara da hannunsa yake fente masa gida ciki da waje. Baba Babba yakan zo da hantsi, ya tsaya gaban allon hannuwa a baya, ya daɗe. In Baba ya ce, "Yaya, yaya ka gani?" sai ya ce, "Ina dai dubawa."

Ran kwana na huɗu Baba ya lura wani layi ya ɓace. Ɗan guntu ne, tsawonsa bai fi yatsa ba, wanda ya sauko daga sunan Tsoho zuwa nasa. Ya ce rigar wani ce ta shafa, ya mayar. Bayan kwana biyu ya sake ɓacewa. Wannan karon ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce min, "Riga in ta shafi alli baza shi take yi, ta taɓa na kusa. Wannan an bi shi ne daga sama zuwa ƙasa, an tsaya daidai inda ya ƙare. Yatsa ne." Muka ɗora wa yara laifi. Na ce in na kama mai yi sai na ja masa kunne.

Karo na uku ba kowa a shagon sai mu uku. Baba ya leƙa wurin tela ya karɓo wa yayansa kujera mai jingina, ni kuma na juya baya ina tace shayi. Na zuba a farin kofin da muke ajiye wa manyan baƙi na miƙa wa Baba Babba. Ya kurɓa, ya ajiye a kan benci. A jikin kofin, shatin babban yatsa ne, shuɗi, har zanen fatar ana gani.

Na ɗaga kai na dubi allon. Layin babu. Na dubi Baba, na ga shi ma kofin yake kallo, kujera tana hannunsa bai ajiye ba.

Ya ce, "Yaya, hannunka ya taɓa alli."

Baba Babba ya dubi yatsansa. Ya ciro hankici ya goge a hankali. Ya ce min, "Ke, ba mu wuri."

Baba ya ce, "Bar ta. Ita ta kawo aikin."

Sannan Baba Babba ya cire tabarau ya ce, "Ina da shekara takwas aka kawo mahaifiyarka gidanmu. Ina tsaye a bakin ƙofa ta shigo. Kana bayanta a goye."

Ban gane ba da farko. Baba ya gane. Ya ajiye kujerar, ya zauna a kanta, a gaban yayansa da ke tsaye, abin da bai taɓa yi ba.

Baba Babba ya ci gaba. "Tsoho ya tara mu ya ce kai ɗansa ne, duk wanda ya buɗe baki ya gaya maka wani abu daban bai yafe masa ba duniya da lahira. Ban buɗe ba. Shekara sittin da uku ban buɗe ba, kai shaida ne. Amma magana daban, rubutu daban. Wannan allon jikokin jikokinmu za su karanta su ɗauka gaskiya ne. Kai ka ce kowa ya ce haka ne. Ni ba zan ce haka ne a kan abin da ba haka ba."

Baba ya ce, "Me ya hana ka kira ni gefe?"

"Na ce maka an hana mu faɗa."

"Sai ka goge."

"Na ɗauka za ka gane da kanka."

Wannan ce maganar da ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Da a ce ya zo ya zaunar da ƙanensa ya ce gaskiya ɗaci gare ta, ga yadda abin yake, da na ji zafi amma na girmama shi. Amma ya tsaya ya yi lissafi irin na akawu: tsinuwar a kan baki aka yi ta, ba a ambaci yatsa ba. Ya jira mutum ya fita ɗauko masa kujera. Sau uku.

Baba tambaya ɗaya ya ƙara. "Su wa suka sani?"

"Manya duka."

Baba ya rufe shago da rana tsaka muka tafi gida. Mama tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ya tsaya a kanta, bai yi sallama ba, ya ce, "Ke ma?"

Ba ta tambayi me yake nufi ba, kuma wannan ya ishe mu amsa. Farantin ya karkace, shinkafa ta zube. Ta ce lokacin da ake binciken aurensu aka gaya wa mahaifinta, shi kuma ya sa ta rantse ba za ta taɓa furtawa ba. Tana kuka tana cewa, "Me zai ƙara maka? Mutumin nan ya so ka fiye da waɗanda ya haifa."

Baba ya ce, "Shekara talatin da takwas kina kallona ina rubuta sunansa a ƙasan allunan mutane. Wata biyar kina zuba min ruwa a buta in na dawo daga gidan Gwaggo, kina tambayata sunaye nawa na samu." Ya shiga ɗaki. Na tsaya ina kallon uwata tana tsince shinkafa daga ƙasa, na rasa ko tausayinta nake ji ko haushinta.

Asabar ta zagayo muka koma wurin Gwaggo, wannan karon ba lemo. Ta ji takunmu ta gane. Baba ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, wane ne ubana?"

Ta ce wani dogo ne, direban babbar mota, zazzaɓi ya kashe shi tun Baba yana ciki. Daga wani gari can nesa aka ce ya zo. Baba ya buɗe jan littafin, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya ce, "Sunansa fa?"

Ta daɗe tana motsa baki. Matar da ta kawo matan mai jakuna uku da 'ya'yansu goma sha ɗaya. Ta ce, "Ba namu ba ne, ɗan nan. Ban riƙe ba."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Gwaggo, kina ji yana rubutawa, kina ji yana dariya, me ya sa ba ki tsayar da shi ba tun farko?"

Ta juyo da makafin idanunta wajena ta ce, "Shekara nawa ina ɗakin nan ba mai leƙo ni sai an yi mutuwa? Ya zo da littafi yana tambayata, yana saurare. In na faɗa, wa zai zo min ran Asabar?"

Na so a fasa allon a hura wuta da shi. Da wannan bai yiwu ba, na ce to ya ɗauki fenti mafi kauri ya ja layin nan, wanda bai so ba ya mutu. Na ce, "Baba, Tsoho ya ce haka ne. Shekara talatin da biyar yana faɗa, har ya tsine wa wanda zai musa. Wane mai aiki kake jira kuma?"

Ya ce, "Tsoho ya faɗa, amma ba a gabana ya karanta ba. Yanzu allon na magadansa ne."

Na ce, "Dokar nan taka kai ka ƙirƙire ta, ba saukar da ita aka yi ba."

Ya ce, "Shi ya sa ba zan karya ta don kaina ba."

Kwana tara ya yi yana shafa fentin. Ban taɓa ganin aikinsa mai kyan wannan ba. Sunaye da ruwan zinariya, layuka da shuɗi, kowane harafi a tsaye kamar an auna da ma'auni. Ya fente mai jakuna da matansa, ya fente wanda rijiya ta ci, ya fente Baba Babba da 'ya'yansa da jikokinsa har jaririn da aka haifa wancan watan. Suna ɗari da ashirin da shida. Sauran goma sha bakwai, wato shi da mu 'ya'yansa biyar da jikokinsa goma sha ɗaya, ya bar mu da alli. Ya mayar da ɗan layin nan da shuɗin alli kamar yadda yake.

Sannan ya kira 'yan'uwansa huɗu shago, Baba Babba da ƙanne uku da suka fito ciki ɗaya da mahaifina. Da hantsi ne, ƙofa a buɗe. Ya jiƙa tsumma ya ajiye a kan benci. Ya tsoma burushi a shuɗin fenti ya ajiye kusa da shi.

Ya ce, "Yaya, ga tsumma, ga burushi. In haka ne, ku ce haka ne in shafa. In ba haka ba ne, ka goge a gabana ina kallo. Ba zan riƙe ka ba."

Baba Babba ya dubi titi. Ƙannen maza biyu suka dubi daɓe kamar yau suka fara ganin ɗigon fenti. Waɗannan mutane ne da Baba ya goya, ya kai makaranta a kan kekensa. Autarsu ce ta yi ƙarfin hali, ta ce ko za a ja layin daga sunan Kaka da ke gefe, tunda ita dai ba shakka ita ta haife shi.

Baba ya ce, "Uwata ba wanda ya yi min gardamarta. Uba nake tambaya."

Ba wanda ya ɗauki tsumma, ba wanda ya ce haka ne. Can ɗaya daga cikinsu ya ce abin ba na gaggawa ba ne, a bar shi yadda yake, a yi shawara. Kowa ya yi ajiyar zuciya ya ce wannan ita ce magana. Suka yaba aikin, suka ce hannun Mai Fenti bai tsufa ba. Aka kira mota aka ɗora allon, aka kai falon Baba Babba aka rataye, tunda shi ne babba.

Shawarar har yau ba a zauna ba. Bayan wata takwas wata gaisuwa ta kai ni gidan. Allon yana nan saman kujeru yana sheƙi. Inda muke kuwa sai ɗan hazo fari-fari, wanda in ba ka san akwai rubutu ba ba za ka kula ba. Mai share falo ta kaɗe ƙura, yara sun jingina, labule ya shafa. Ba wanda ya goge mu. Sun dai rataye mu suka bar alli ya yi abin da alli yake yi, don gobe kowa ya iya rantsuwa cewa ba hannunsa. Na duba kusurwar dama ta ƙasa. Sunan Baba ne shi kaɗai, ba na uba a bayansa. Na kasa shan ruwan da aka kawo min.

Baba bai yi faɗa da kowa ba. Yana zuwa gaisuwa in an yi rashi, yana tsayawa daga bakin ƙofa. Gidan yayansa dai ya ga fentinsa na ƙarshe. Da Mama suna magana, amma irin ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti. Ita ce take ba ni tausayi yanzu, ko da yake ban gaya mata ba.

Wata safiya ya aiko a kira ni shago. Ya ciro murfin wani tsohon kabad, ya shafe shi da kore, ya zana mu da alli, mu goma sha bakwai, da Mama a gefensa. A can sama ya rubuta sunan Tsoho, da ɗan shuɗin layi mai tsawon yatsa.

Ya ce, "Ke kika kawo aikin. Karanta."

Na karanta harafi harafi, da ƙarfi, yadda na ga ana yi tun ina yarinya. Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ɗauki burushi. Ya fara daga ƙasa, daga jikoki, yana hawa. Ya fente mu, ya fente Mama, ya fente kansa, ya fente sunan Tsoho. Da ya zo kan layin sai ya tsaya. Ina tsaye a bayansa ina cewa a zuciyata ja mana, ja mana. Ya tsaya har fentin ya fara daskarewa a bakin burushi. Sannan ya juya ya tsoma shi a gwangwani ya wanke.

Ya ce, "Ba ki nan lokacin. Wanda yake tsaye a bakin ƙofa ranar shi zai faɗa."

Murfin kabad ɗin yana jingine a bakin shago, inda yake jingine allon da ke jiran mai shi. In layin ya dushe, Baba yakan ciro guntun shuɗin alli daga aljihu ya sabunta shi, ya koma benci ya zauna yana fuskantar titi. Baba Babba da can ta titin nan yake bi in zai je karɓar magani. Tela ya ce min yanzu ta bayan layi yake zagayawa.